Tsadar Maganin Asma: Sauyawa Zuwa Mai Rahusa da Haƙƙin Kare Rai

 

A watan Agustan 2023 kamfanin GlaxoSmithKline ya sanar da rufe harkokinsa na kai tsaye a Nijeriya bayan shekara 51, ya miƙa rarraba magungunansa ga dillalai. Kamfanin shi ne mai yin Ventolin, shuɗin maganin shaƙa da mafi yawan masu ciwon asma, wato fuka, suka saba da shi. Sanarwar ta zo wata biyu bayan an saki darajar naira, dalar da take kusan naira 460 a farashin gwamnati ta haura 1,500 a farkon 2024. Farashin Ventolin ya ninka sau uku ko fiye, na Seretide ma ya yi tashin gwauron zabo. A watan Yunin 2024 Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a kan umarnin janye haraji daga kayan haɗa magunguna na tsawon shekara biyu, sai dai mafi yawan magungunan shaƙa a haɗe ake shigo da su daga waje, don haka sauƙin bai isa aljihun talaka yadda ake fata ba.

A yankin Ɗansoshiya, daga Bebeji da Ƙiru zuwa Tudun Wada da Doguwa, wannan tsada tana haɗuwa da sana'ar mutane. Lokacin casar shinkafa da sussukar masara yana ƙarewa ne a bakin hunturu, ƙaiƙayi da ƙura da hazo su haɗu a iska ɗaya, a cikin gida kuma ga hayaƙin itace da na maganin sauro. Duk waɗannan suna tayar da asma. Magidanci mai yaro ɗaya ko biyu masu wannan lalura sai ya tsinci kansa a gaban kemis da tambaya guda: in sayi mai rahusa, ko kuwa cutar da iyalina zan yi?

Amsar ita ce sauyawa ba laifi ba ne, sau da yawa ma shi ne hankali, matuƙar an san abin da ake sauyawa. Ventolin suna ne na kasuwa. Sinadarin da ke aiki a cikinsa sunansa salbutamol, kowace fesa tana ɗauke da maikirogiram 100, gwangwani ɗaya kuma yana da fesa 200. Kamfanoni da dama suna yin wannan sinadari da wannan awo, kamar Cipla na Indiya mai yin Asthalin. Idan sunan sinadari ɗaya ne, awo ɗaya ne, kuma maganin yana da lambar rajistar NAFDAC da kwanan watan da bai wuce ba, to aikinsa a huhu ɗaya ne, ko da ɗanɗanonsa ko ƙarfin fesarsa ya ɗan bambanta a maƙogwaro.

Haɗarin yana wasu wurare uku. Na farko, rikita iri biyu na maganin. Akwai mai buɗe ƙirji nan take, shi ne salbutamol, akwai kuma mai kariya da ake shaƙa kullum, irin su beclometasone da budesonide, wanda ke kwantar da kumburin hanyoyin numfashi. Da kuɗi suka yi wuya, gidaje da yawa sun ajiye mai kariya domin ba a jin aikinsa nan take, suka riƙe shuɗin kaɗai. Wannan ba sauyawa ba ne, barin rabin magani ne. Tun 2019 ƙungiyar masana asma ta duniya, GINA, ta daina ba da shawarar dogaro da salbutamol shi kaɗai ga manya da matasa. Wanda yake ƙarar da gwangwani uku ko fiye a shekara yana cikin haɗarin mummunan tashin ciwo, kuma ya kamata likita ya sake duba shi.

Na biyu, komawa ƙwayoyi. Wasu suna barin abin shaƙa su koma haɗiyar salbutamol ko prednisolone ba tare da umarnin likita ba, saboda ana sayar da su ɗaiɗai. Ƙwayar salbutamol ba ta da saurin ta shaƙa, tana kuma kawo karkarwa da bugun zuciya. Prednisolone kuwa, idan aka daɗe ana sha, yana iya jawo hawan jini da ciwon suga da raunin ƙashi. Arahar da ƙarshenta gadon asibiti ne ba araha ba ce.

Na uku, jabu. Duk lokacin da magani ya yi tsada, masu algus sukan samu kasuwa. A watan Fabrairun 2024 NAFDAC da Hukumar Masu Harhaɗa Magunguna ta Ƙasa sun rufe shagunan magani fiye da dubu ɗaya a Sabon Garin Kano, domin a koma sabuwar kasuwar magunguna ta Dangwauro da ke kan titin Zariya, inda ake sa ido a kan kaya. Mai kemis a Kwanar Ɗangora ko Tudun Wada da ke saro kaya a kan wannan hanya ba shi da uzurin saye a hannun wanda bai sani ba. Maganin shaƙa kuma ba ya son zafi, don haka wanda ake tallarsa a tire cikin rana ranar kasuwa abin gudu ne ko da na gaske ne.

A nan shari'a take da magana. Kare rai yana cikin manyan manufofi biyar da malaman Usulu, irin su Imam Gazali da Shaɗibi, suka bayyana cewa addini ya zo domin kiyaye su. Maganin matar aure da na yara yana cikin abin da magidanci nagari ba ya wasa da shi. Shari'a ba ta ɗora masa sayen suna mai tsada ba, abin da ke kansa shi ne neman wanda yake aiki, da tambayar masana. Ɗan kasuwa kuma ya sani cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi hani mai tsanani a kan algus da ɓoye kaya don su yi tsada. Idan wannan ya shafi hatsi, ina ga abin da numfashin yaro ya rataya a kansa da tsakar dare?

Akwai tambayoyi biyu da ɗalibai suke yawan yi. Wasu nau'o'in masu rahusa suna ɗauke da ɗan sinadarin barasa kaɗan ƙwarai domin narkar da maganin. Majalisar Fiƙihu ta Rabiɗa da ta zauna a Makka a 2002 ta halatta magungunan da ke da irin wannan ɗan kaso da haɗin magani yake buƙata, idan babu madadi kuma amintaccen likita ya rubuta. Game da azumi kuwa, Shaikh Ibn Baz da Shaikh Ibn Usaimin sun tafi a kan cewa fesar ba ta karya shi, wasu malamai kuma suna ganin a rama. A kowane ra'ayi, wanda numfashinsa ya sarƙe ba a ce masa ya jira faɗuwar rana ba.

Kafin a sauya, a kai tsohon kwalin wurin likita ko mai harhaɗa magunguna a asibiti mafi kusa, a gwada suna da awo, a kuma nemi a nuna yadda ake amfani da sabon, domin na gari da ake zuƙa da ƙarfi ya bambanta da na fesa da ake shaƙa a hankali. A girgiza na fesa kafin amfani, a kurkure baki bayan shaƙar mai kariya. Yara suna buƙatar kwalbar da ke tsakanin baki da maganin. Binciken Farfesa Heather Zar a Afirka ta Kudu, wanda aka buga a 1999, ya nuna cewa gorar roba mai rabin lita da aka gyara da kyau tana iya maye gurbin ta kanti, amma ma'aikacin lafiya ya nuna yadda ake haɗa ta. Idan kuwa mai ciwon ya kasa kammala magana, ko leɓɓansa suka sauya launi, ko maganin bai kawo sauƙi ba, a nufi asibiti ba tare da jinkiri ba.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2019 mutum miliyan 262 ne ke da asma, 455,000 suka rasu, mafi yawansu a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi inda magani yake wuyar samu. Gwamnatin Kano tana da hukumar taimakekeniyar lafiya, KSCHMA, kuma haƙƙi ne a kanta ta tabbatar da iri biyun nan suna samuwa a asibitocin karkara. Mu ma a masallatai da makarantun Islamiyya muna da rawar takawa. Kaka ce lokacin fitar da zakkar amfanin gona, ita ce kuma lokacin da ciwon yake tsananta. Mabuƙacin da ya kasa sayen magani yana cikin masu haƙƙi, kuma kwamitin masallaci zai iya sanin gidajen nan tun kafin hunturu ya kankama.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya sanya albarka a cikin nemanmu. Allah ne Mafi sani.