Harshen Kaka Bai Shiga Motar Zariya Ba

A hutun Kirsimeti wani tsohon ɗalibinmu ya dawo gida daga jami'a a Zariya. Kakarsa ta tarye shi da Shanganci, shi kuwa ya amsa mata da Hausa, Hausar ma ta Kano, an barbaɗa mata Turanci. Da ƙanensa ya ce "mi kaka so?" sai ya yi dariya, wai "me kake so?" ake cewa. Ina tsaye a wurin, kuma abin ya dame ni.

Ba a nan kaɗai ake haka ba. A ƙasar Sin, tun 1956 gwamnati take yaɗa daidaitaccen Sinanci, wato Putonghua. Ɗalibin da ya bar ƙauye ya shiga jami'a a Shanghai, da shi zai yi magana a aji da ɗakin kwana, har harshen gida ya fara yi masa nauyi a baki.

Namu ya fi nasu ciwo, domin hawa biyu ne. Hausa ta fara cinye harsunanmu, sa'an nan Kananci ya zo yana cinye Hausar tamu. Da aka gama madatsar Kainji a 1968, ruwa ya shanye tsibirai, aka tayar da Gungawa zuwa sababbin matsugunai, wasu suka gangara Yelwa, inda ba a ciniki sai da Hausa. Yau Shanganci ya maƙale a 'yan ƙauyuka na bakin Kwara, irin su Sakace da Dugu Tsofo.

Amma kada mu ɗora wa birni laifin duka. Tun da aka buga Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932, da ita muke wa'azi, da ita muke waƙa. Mu malamai kuma, ni ma a ciki, mun sha cin yara tara don sun yi "yare" a aji. Ashe mu muka fara koya musu kunyar.

Ba na cewa ku ƙi daidaitacciyar Hausa, ya ku ɗalibai, da ita za ku ci jarrabawa. Turanci ma dole ne. Sai dai a ranar Fentikos kowa da harshensa ya ji bishara. Don haka ina roƙon dattawan ikkilisiya su ware addu'a ɗaya kowace Lahadi a yi ta da Shanganci, ko Gunganci, ko Kambarci, kuma 'yan aji shida ne za su yi ta, bayan sun je wurin tsofaffi an gyara musu lafazi.