Jinin mai rauni da tsoron sida

Tun shekarar 1987 da aka tabbatar da mutum na farko mai ciwon sida a Nijar, ma'aikatan kiwon lafiya ba su daina jan kunnen jama'a game da jini ba. Gargaɗin ya shiga, amma a wasu wurare ya zarce inda aka nufa. Mota takan kife a babbar hanyar da ta tashi daga Yamai ta bi ta Dosso da Birnin Ƙonni da Maraɗi zuwa Damagaram, jama'a su taru, sai a ga wasu sun harɗe hannuwa suna kallo, wai kada jini ya taɓa su. Alhali wanda babbar jijiyarsa ta yanke yana iya cikawa kafin motar likita ta iso.

Ya kamata kowane ɗan ƙasa ya sani cewa ƙwayar sida ba ta ratsa lafiyayyar fata. Jinin da ya zuba a hannun da babu yanka ko gyambo, ruwa da sabulu sun ishe shi. Ko ma'aikatan asibiti da allurar da aka yi wa mai cutar ta soke su, kimanin mutum 3 ne cikin 1000 suke kamuwa. Tsoron da ke hana ceto ba shi da tushe.

Mai taimako ya sa hannunsa cikin leda in babu safar hannu, ya danne raunin da tsumma mai tsabta. Idan jini ya fantsama masa a ido ko a baki, ko ya shiga wani yanka, sai ya wanke da ruwa mai yawa, ya garzaya asibiti. Akwai maganin kariya da ake sha kwana 28, amma tilas a fara shi kafin awa 72 su wuce.

Abin mamaki, mutumin da ya guji mai rauni shi ne zai zauna gaban wanzami a yi masa ƙaho da askar da ta tsaga wani, ko ya miƙa hannu ga mai allura na kasuwa. A nan haɗarin yake, domin ƙarfen yana kai jinin wani ƙarƙashin fata, kuma ciwon hanta nau'in B ya fi sida saurin bin wannan hanya.

Wajibi ne sarakuna da masu gari da malaman yaƙi da jahilci su kai wannan bayani tashoshin mota da kasuwanni. Shugabannin direbobi kuwa su tabbatar kowace motar haya tana ɗauke da safar hannu da bandeji kafin ta bar tasha.