Guntun Gatarinka Ya Fi Sari Ka Ba Ni: Ɗalibi Mai Keke Da Kayan Faci

Tun daga ranar 29 ga Mayu, 2023, da Shugaba Bola Tinubu ya ba da sanarwar janye tallafin man fetur, zuwa makaranta ya zama abin lissafi ga ɗalibin da ke zaune a wajen jami'a. Litar da ake saya ƙasa da naira 200 ta haura naira 1,000 a wurare da dama kafin ƙarshen 2024, kuɗin mota kuma ya bi ta. Wannan ne ya sa wasunmu suka waiwayi keke. A shekarar 2001 mutane sun yi wa Ministan Sufuri Ojo Maduekwe dariya da ya ce 'yan Nijeriya su riƙa hawan keke, amma ga shi lokaci ya gaskata shi.

Ra'ayina shi ne, duk ɗalibin da ya sayi keke don zuwa lacca, to sayayyarsa ba ta cika ba sai ya haɗa da kayan faci. Kafin ƙararrawa mai daɗin amo da rigar sirdi, waɗannan kaya ne ya kamata su fara cin kuɗinsa.

Dalili kuwa a fili yake. A Kano ko Zariya, da wuya ka yi tafiya mai nisa ba ka ga mai gyaran keke a gindin bishiya ba. A garuruwanmu na Kudu abin ba haka yake ba. Masu facin bakin titi tayar mota da ta babur suka saba da ita, wasu ma bakin famfonsu ba ya shiga bawul ɗin kekenka. Kuma ƙusa ba ta duba jadawalin jarrabawa. Idan ta soki tayarka da ƙarfe bakwai na safe, kafin mai faci ya buɗe rumfarsa, malami ya riga ya raba takarda.

To, me za a saya? Na farko, famfon hannu ƙarami. Kafin ka biya, duba bawul ɗinka, domin iri uku ne: akwai mai kauri irin na mota, akwai siriri mai ɗan noti a kai na kekunan tsere, akwai kuma irin na tsofaffin kekuna kamar Raleigh da Phoenix. Ka je kasuwa da kekenka, ka gwada famfon a gaban mai kaya.

Na biyu, tiyub sabo guda ɗaya. Wannan shi ne ya fi komai ceton lokaci, domin a hanya sauya tiyub ya fi faci sauri. Wanda ya huje sai ka naɗe shi, ka gyara a gida cikin natsuwa. Girman taya a rubuce yake a gefenta. Tsofaffin kekuna galibi 28 ne, na hawan tudu da ake shigowa da su na hannu da yawansu 26 ne, wasu kuma 700. Kwafi lambar a takarda, kada ka dogara da ƙiyasin ido.

Na uku, ƙananan ƙarafa ko robobi biyu na ɓamɓaro taya. Sukudireba da cokali suna iya yin aikin, amma sau da yawa sukan ƙara wa tiyub wani ramin. Na huɗu, robar faci da sholisho da guntun samfefa. Na biyar, sifana mai lamba 15, idan ƙafar kekenka da noti aka ɗaure ta. Dukkansu za su shiga leda ɗaya a ƙasan jakar littattafai. Sai dai a tuna araha ba ta ado: famfon da ya karye a bugu na goma asara ce, kuma sholishon da aka buɗe aka bari ba rufi bushewa yake yi a cikin mazubinsa.

Mallakar kaya daban, iya aiki da su daban. Kuskuren da aka fi yi shi ne gaggawa. Bayan an gano ramin, ta hanyar jin iska a leɓe ko tsoma tiyub cikin ruwa, sai a goge wurin da samfefa, a shafa sholisho kaɗan, a bar shi kamar minti biyar ya sha iska har ya daina ƙyalli, sannan a ɗora robar a danne sosai. Wanda ya liƙa a jiƙe, facinsa ba zai kai shi ƙofar makaranta ba. Kafin a mayar da tiyub, a bi cikin tayar da yatsa a hankali, domin ƙayar ko ɓarɓashin kwalbar da ya yi ɓarnar yana iya kasancewa a maƙale. Idan kuma ka ga ramuka biyu a jere kamar saran maciji, to ba ƙusa ba ce. Iska ce ta yi ƙaranci, ka faɗa rami, ƙarfen ƙafar ya matse tiyub. Maganinsa shi ne duba iska kowane mako. Kuma a gwada cire ƙafa da mayar da ita a gida ranar Asabar, tunda ba a fafe gora ranar tafiya.

Na san wasu za su ce kuɗin faci bai taka kara ya karya ba, kuma idan kowa ya koyi gyara, mai faci zai ci me? Amsata ita ce, ba kuɗin facin kaɗai ake asara ba, har da laccar da ta wuce da kuɗin motar da aka guje wa tun farko. Shi kuwa mai gyara, gyaran birki da kaca da miƙe ƙafar da ta lanƙwashe duk suna nan suna jiransa. Wasu kuma suna ƙyamar riƙe sholisho saboda matasan da ke shaƙarsa don maye. Wannan damuwa ce ta gaskiya. Wanda ba ya son zargi yana iya neman robar faci mai zuwa da danƙonta, ko ya bar sholishon a gida ya riƙa yawo da tiyub kawai.

'Yan'uwana mata, maganar nan har da ku. Babu wani abu a cikin wannan leda da ya fi ƙarfin hannun da ke daka sakwara, kuma tsayuwa a hanya da magariba ana jiran taimakon baƙo ba abin so ba ne.

Daga ƙarshe, mu ɗaliban harshe muna da wata riba ta daban. Faci, sholisho, famfo, bawul, sifana, duk kalmomin aro ne da Bahaushe ya sarrafa su suka dace da bakinsa. Wanda ya je rumfar Bahaushe mai sayar da kayan keke a Sabo ya yi ciniki da Hausa, zai dawo da kayan gyara da kuma darasin da ba ya cikin littafi. Allah ya tsare mu a hanya, amin.