Dadduman Turkiyya na Da: Aikin Hannun Mata da Ya Tsira a Coci



Duk wanda ya taɓa karɓar tsarabar alhazai ya san daddumar nan mai zanen baka daga sama, da fitila a rataye a tsakiya. To wannan zane ya girmi injin saƙa nesa ba kusa ba. Ɗaya daga cikin manyan gidajensa shi ne Anatoliya, a ƙasar Turkiyya, inda mata suka shekara ɗaruruwa suna ƙulla gashin tumaki da hannu, ƙulli ɗaya bayan ɗaya.

Bakan nan siffar mihirabin masallaci ne, shi ake juyawa alƙibla. Fitilar kuwa, masana da dama suna danganta ta da ayar haske, aya ta 35 a Suratun Nur.

Kowane gari da irin hannunsa. Gordes ya yi suna har ƙullin Turkawa ya ɗauki sunansa: a zagaya zare biyu na tsaye da ulu, a fito da bakinsa biyu ta tsakaninsu, a ja, a datse. Shi ya sa yake da ƙarko. Daddumar Ladik, kusa da Konya, ana gane ta da furannin tulif jere a kan dogayen karare. Ta Milas bakanta a tsuke yake a wuya. Akwai wata ta Kula mai ƙananan gidaje da dogayen itatuwa, wadda dillalai ke kira ta maƙabarta.

Launin ma abin dubawa ne. Ja daga saiwar wani tsiro ake samun sa, shuɗi kuma daga baba, irin wanda marinan Ƙofar Mata suka sani. Bayan da aka gano rinin kemikal a Ingila a 1856, sai ya fara kutsawa cikin masaƙun Anatoliya, kuma wasu launukan farkon nan ba su jure rana ba, suka koɗe. Dalili ke nan da masu tara kayan tarihi ke rububin na kafin lokacin.

Ga abin mamakin. Ɗaya daga cikin manyan taskokin dadduman Anatoliya a wajen Turkiyya yana yankin Tiransilbaniya ne na ƙasar Romaniya. Fatake ne suka kai su, akasari a ƙarni na 17, attajirai suka saya suka ba coci-coci kyauta. Baƙar Coci ta birnin Birashob kaɗai tana da sama da 100. Rataye su aka yi a bango, ƙafa ba ta taka su ba, sai suka rayu. Waɗanda aka yi ta sujada a kansu safe da yamma, da yawa sun cinye.

A ganina wannan ba asara ba ce, ai don salla aka saƙa su. Abin takaici shi ne matan da suka yi aikin: mun san sunayen garuruwansu, amma nasu sunayen ba wanda ya rubuta.