Idan Aka Ce "Malam, Tashi Ka Yi Huɗubar Aure"

 

Wata Lahadi mun halarci ɗaurin aure a unguwar Nima, cikin birnin Akra. An kafa rumfa, an jera kujeru, goro da dabino suna cikin faranti, amma malamin da zai yi huɗuba cunkoson motoci ya tsare shi. Sai baffan ango ya durƙusa gaban wani malamin makarantar allo da ke kusa da mu, ya ce: "Allah gafarta Malam, a rufa mana asiri." Abin da malamin nan ya yi cikin 'yan mintoci shi muke son mu ɗauki darasi daga gare shi, domin ranar da za a kira ɗayanmu ba ta sallama.

Kafin ya karɓi lasifika, sai da ya yi tambayoyi huɗu. Mene ne cikakken sunan ango da na amarya, da sunayen iyayensu maza? Wane ne waliyyi, wane ne wakilin ango? Nawa ne sadaki, an biya ko ajalan ne? An nemi yardar yarinya? Duk amsar da aka ba shi ya rubuta ta a bayan katin gayyata.

Ba don tsawaita zance ya yi haka ba. Huɗubar aure mustahabbi ce, aure yana inganta ko babu ita. Amma littafin Risala na Ibn Abi Zaid, wanda ake karantarwa a zaurukan Nima da Mamobi da Sabon Zango, ya kafa aure a kan waliyyi da sadaki da shaidu biyu adilai, kuma a mazhabar Malikiyya mafi ƙarancin sadaki rubu'in dinari ne. Mun taɓa ganin inda mai jawabi ya ambaci sunan yayar amarya a wajen siga. Sai da aka sake ɗaurin auren, kuma dangin amarya sun daɗe ba su huce ba. Magana zarar bunu ce.

Da ya miƙe, ya buɗe da Huɗubar Buƙata wadda aka ruwaito daga Abdullahi ɗan Mas'ud, Allah Ya yarda da shi: godiya ga Allah, kalmar shahada, sannan ayoyi na tsoron Allah, wato Ali Imrana aya ta 102, Nisa'i aya ta 1, da Ahzab aya ta 70 da 71. Wanda ya haddace waɗannan ba ya rasa ta inda zai fara. Daga nan ya ɗauki ma'ana guda, ta natsuwa da ƙauna da jinƙai da ke cikin Suratur Rum aya ta 21, ya yi wa ango nasiha a kan ciyarwa da haƙuri, ya yi wa surukai nasiha a kan kame baki. Ya rufe da addu'ar albarka. Bai kai minti goma ba.

Abin da ya bari ma darasi ne. Zango mahaɗa ce ta Hausawa da Zabarmawa da Mosawa da Dagwamba da Kotokoli da Fulani, ga baƙi daga Lome da Wagadugu waɗanda Faransanci ya fi musu sauƙi. Bai fifita asalin gida ɗaya a kan ɗaya ba. Bai yi raha da ƙabilar kowa ba, ko da akwai wasan taubasantaka. Bai tono saɓanin malamai ba, alhali a rumfar akwai 'yan Tijjaniyya da Ahlus Sunna. Bai yi habaici a kan lefe ba. Hausa mai sauƙi ya yi, ya dakata wani saurayi ya taƙaita wa baƙi da Faransanci.

Abu ɗaya muke roƙon masu jawabi su ƙara. A Gana akwai dokar auren Musulmi tun shekarar 1907, wadda ta ce a yi rajistar aure cikin mako guda da ɗaura shi, tare da ango da waliyyi da shaidu biyu da limami mai lasisi. Gidaje da yawa suna mantawa, sai ranar rabon gado ko shari'a a ga matar da 'ya'yanta suna neman hujja. Haka kuma dokar yara ta 1998 ta sa shekara 18 a matsayin mafi ƙarancin shekarun aure. Jimla biyu a kan wannan sun fi dogon kirari amfani ga amarya.

Saboda haka muna ba kowane magidanci shawara ya haddace Huɗubar Buƙata, ya koya wa manyan 'ya'yansa, ya kuma riƙe tambayoyin nan huɗu. Idan aka kira mutum alhali bai san hukunce-hukuncen ba, babu kunya ya ce a nemi wanda ya fi shi sani, shi ya tsaya ga addu'a. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Allah Ya albarkaci aurarrakinmu, Ya ba mu zuriya ɗayyiba. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba, in Allah Ya yarda.