A DUBI ƘOFA KAFIN A DUBI FUSKAR DODO

Duk wanda ya taɓa zama a ɗakunan kwanan ɗalibai ya san akwai waɗansu littattafai da ba a yin jarrabawa a kansu, ba sa kuma cikin jerin da malamai ke bayarwa, amma sun fi na manhaja shan hannu. Daga wannan gado zuwa wancan suke yawo har bangonsu ya yage, yanzu kuwa sun ƙaura sun koma cikin wayoyi. Muna nufin littattafan soyayya na Turawa waɗanda ake gina labarinsu a zamanin da ya shuɗe, zamanin keken doki da hasken kyandir da manyan gidajen sarauta na Ingila. A cikinsu akwai wani rukuni da ya fi saura farin jini, watau inda ake ɗauko kyakkyawar yarinya a haɗa ta da namiji mummuna, ko mai tabo, ko mai baƙin hali, sa'an nan a bi su shafi-shafi har ƙaunarta ta mai da shi mutum.

Ba mu ɗauki alƙalami domin mu hana kowa karatu ba. Mu ma mun karanta, mun kuwa ji daɗi. Abin da muke so mu faɗa wa 'yan'uwa ɗalibai, maza da mata, guda ɗaya ne: duk lokacin da aka buɗe irin wannan littafi, kafin a tsaya kallon fuskar Dodo, a fara duba ƙofar gidansa. Shin a buɗe take ko a kulle? In yarinyar ta ce za ta tafi, za ta iya? A nan ne ake bambance labarin ƙauna da labarin kamu.

Tushen waɗannan littattafai wata tatsuniya ce ta Faransa, wadda za mu iya kira Kyakkyawa da Dodo. Gabrielle-Suzanne de Villeneuve ce ta fara buga ta a 1740, kana a 1756 Jeanne-Marie Leprince de Beaumont, wadda ke koyar da 'ya'yan masu hali a Landan, ta taƙaita ta, ta sa cikin littafin tarbiyyar 'yan mata. Wani fatake ne da karayar arziki ta same shi ya tsinki furen wardi a lambun Dodo domin ya kai wa 'yar autarsa tsaraba. Dodo ya ce ransa a bakin furen, sai fa in ɗaya daga cikin 'ya'yansa ta zo a madadinsa. Autar ta tafi. Masana da dama na ganin an tsara labarin ne don a kwantar wa 'yan matan wancan zamani da hankali, tun da yake iyaye ne ke zaɓa musu mazan da ba su sani ba, sau da yawa ma waɗanda suka girme su ƙwarai.

Amma fa akwai abin da ake yawan mantawa. A cikin tatsuniyar, kowane dare Dodo yakan tambayi yarinyar ko za ta aure shi, ita kuwa takan ce a'a, shi kuma ya yi ajiyar zuciya ya fita, bai taɓa ɗaga mata hannu ba. Da ta roƙi zuwa ganin mahaifinta, ya sallame ta na mako guda, alhali ya san in ba ta dawo ba baƙin ciki zai kashe shi. Ta wuce wa'adi, daga baya ta komo don kanta, babu wanda ya je ya ɗauko ta. Watau muninsa a fata ya tsaya. Hausawa na cewa labarin zuciya a tambayi fuska, tatsuniyar kuwa cewa take yi wani lokaci fuska takan ba da shaidar zur. Wannan darasi ne mai kyau, ba mu da ja a kansa.

Waɗansu marubutan sun riƙe wannan darasi. A littafin The Raven Prince na Elizabeth Hoyt, wanda ya fito a 2006, zanzana ce ta ɓata fuskar basaraken tun yana yaro. A The Duchess Deal na Tessa Dare, na 2017, basaraken ya komo daga yaƙin Waterloo na 1815 da ƙuna a rabin jikinsa, har wadda aka yi masa baiko da ita ta guje shi. A Flowers from the Storm na Laura Kinsale, na 1992, ciwo ne ya kama basaraken farat ɗaya ya ɗauke masa magana, danginsa suka kai shi gidan mahaukata, wata yarinya mai riƙo da addini ce ta gane cewa hankalinsa na nan, harshensa ne ya ƙi. Littafin da zai koya wa mai karatu cewa mai tabo da gurgu da bebe su ma abin so ne, lalle ya yi wa al'umma aiki, musamman irin tamu inda har gobe akan fasa aure saboda ɗingishi.

Matsalar takan taso ne inda aka ɗauke munin daga fuska aka mai da shi cikin hali, sa'an nan aka ci gaba da ba da labarin kamar ba abin da ya sauya. A 1972 Kathleen Woodiwiss ta fitar da The Flame and the Flower a Amurka, littafin da ya buɗe wa wannan fanni babbar kasuwa. Jarumin, matuƙin jirgin ruwa ne kyakkyawa, ya fara ne da yi wa yarinyar fyaɗe, ta sami ciki, aka ɗaura musu aure dole, ya kwashe ta zuwa ƙasarsa, a ƙarshe kuma aka nuna mana suna zaune lafiya cikin ƙauna. A 1982 marubuciyar ta sake fitar da A Rose in Winter, inda uba ya yi gwanjon 'yarsa don ya biya bashi, wani basarake mai ɗingishi wanda ke rufe fuska ya saye ta, daga bisani ta gano ashe kyakkyawan saurayin nan ne da zuciyarta ke so ya ɓad da kama. An saye ta, an yaudare ta, amma da yake mai sayen ya fito kyakkyawa, sai aka ce mu yi tafi.

To, me irin wannan labari yake koya wa yarinya 'yar shekara goma sha tara? Yana koya mata cewa tsawa alamar kishi ce, kishi kuwa alamar so. Cewa namijin da ke wulakanta ta yana da wani tsohon miki ne a zuciya wanda ita kaɗai za ta iya warkarwa. In kuma bai warke ba, to, ƙaunarta ce ba ta kai ba. Shi kuma saurayin da ya ara ya karanta ya koyi cewa gyaran halinsa aikin wata ne. Tabon fuska ba laifin mai shi ba ne. Mugun hali kuwa zanen dutse ne, in ma zai kankaru, mai shi ne zai ɗauki guduma.

Tun da yake ana kiran waɗannan littattafai na tarihi, ya kamata mu tambayi tarihin abin da ya ce game da ƙofar. Yawancinsu a Ingila ake kafa su, tsakanin 1811 da 1820 ko kusa da haka, zamanin da Georgette Heyer ta mayar dandalin soyayya tun daga littafinta Regency Buck na 1935. A dokar Ingila ta wancan lokaci, da zarar mace ta yi aure, kuɗinta da kayanta da abin da ta samu da guminta sun zama na miji. 'Ya'ya na uba ne. Kafin 1857 ba a raba aure har a sake wani sai majalisar dokoki ta yi doka ta musamman, mata huɗu kacal ne kuwa suka taɓa samun haka. Caroline Norton, marubuciya ce sananniya, mijinta ya raba ta da 'ya'yanta maza uku a 1836, fafutukarta ce ta kai ga dokar 1839 wadda ta ba uwa damar roƙon kotu ta bar mata 'ya'yan da ba su kai shekara bakwai ba. Sai a 1870 da 1882 aka yi dokokin da suka bar wa matar aure dukiyarta. Sai a 1891 kotun ɗaukaka ƙara ta yanke cewa miji ba shi da ikon kulle matarsa a gida, bayan wani ya sa an sungume tasa a ƙofar coci a garin Clitheroe. Sai kuma a 1991 kotun ƙolin ƙasar ta tabbatar cewa miji na iya zama mai laifin fyaɗe a kan matarsa. Ke nan, yarinyar da ta shiga gidan Dodo a 1815, in ya zama Dodon gaske ne, ba ta da mafita. Marubuciyar ce ke cetonta da alƙalami. Matan da suka rayu a wancan zamani ba su da marubuciya.

Daɗin daɗawa, mun lura cewa Dodon nan bai taɓa zama talaka ba. Kullum da sarautarsa da gidansa mai ɗaki ɗari da barorinsa. Da a ce maƙeri ne ko ɗan dako yake wannan tsawa da kulle, da ba a kira shi jarumi ba, da 'yan sanda aka kira. Dukiya ce ke wanke shi, ba a kuma cika tambayar inda ta fito ba. Charlotte Brontë, a littafinta Jane Eyre na 1847, wanda shi ne kakan yawancin waɗannan labarai, ba ta ɓoye ba: Rochester ya auri Bertha ne daga Jamaika saboda fam 30,000, kana ya kulle ta a can saman bene da ta sami taɓin hankali. Jamaika kuwa ƙasar gonakin rake ce da bayi 'yan Afirka suka noma. Sa'ad da Birtaniya ta yi dokar 'yanta bayi a 1833, iyayengijin aka ware wa fam miliyan 20 na diyya, bayin ba su sami ko anini ba. Sai a 1966 Jean Rhys, haifaffiyar tsibirin Dominika, ta rubuta Wide Sargasso Sea ta ba matar da aka kulle baki. Bai kamata ɗalibin Afirka ya shiga waɗannan gidaje da ido rufe ba.

Duk da haka, Jane Eyre ɗin nan ita ce ta fi kowa nuna abin da muke nufi da ƙofa. Da Jane ta gano cewa Rochester na da mata a ɓoye, ba ta zauna jinyar zuciyarsa ba. Ta fita da asuba, ta sha yunwa, ta yi aikin koyarwa, ta gaji dukiyar kawunta, sa'an nan ta dawo da ƙafarta, ta same shi gobara ta makantar da shi, ta raba shi da hannu ɗaya da kuma girman kai. Haka nan a Lord of Scoundrels na Loretta Chase, na 1995, da basaraken ya zubar wa Jessica mutunci ya juya baya, bin sa ta yi ta harbe shi da ƙaramar bindiga, kana ta sa lauya ya bi mata kadi. Ba muna ba da shawarar a sayi bindiga ba ne. Nufinmu shi ne, a waɗannan littattafai biyu namijin ne ya yi wahalar sauyawa, macen kuwa tana da bakin cewa a'a.

Mai karatu na iya cewa ai nishaɗi ne kawai, kuma mata ba yara ba ne da za su kasa bambance littafi da rayuwa. Gaskiya ne. Janice Radway, wadda ta zauna da masu karanta irin waɗannan littattafai a Amurka ta buga bincikenta a 1984, ta tarar cewa da yawansu suna karatun ne domin su sami ɗan lokacin kansu bayan hidimar gida, kuma namiji mai tausasawa suke nema a ciki. Mun yarda. Amma labarin da ya faɗo a ƙasar da aka riga aka share masa ya fi saurin tsiro. Mu nan, amarya tun ba ta bar gidansu ba take jin kalma ɗaya daga bakin gwaggo da inna: haƙuri. In ta yi yaji, kafin ta sauke ƙunshinta an fara shirin mai da ita. Ana ce mata mai haƙuri yakan dafa dutse ya sha romonsa, ba a gaya mata cewa wani dutsen tukunya yake fasawa ba. In aka ƙara mata da littafin da ke yi wa wannan haƙuri ado da siliki da furen wardi, an ɗaure ta da igiya biyu.

Abin sha'awa, kakanninmu sun ba da tasu tatsuniyar ta fuskar da ta saɓa. Mun san ta yarinyar nan da ta ce ba za ta auri mai tabo ba, ta kori samarin garinsu, sai ga baƙo santalele ya zo ta bi shi, da suka yi nisa cikin daji ya rikiɗe ya koma Dodo. Ba ta zauna gyaransa ba, gudu ta yi. Tatsuniyar Faransa ta ce kada a ƙi mutum don muninsa, tamu ta ce kada a bi mutum don kyansa, amma ba wadda ta ce a zauna da mugu. Balaraba Ramat Yakubu ma, a littafinta Wa Zai Auri Jahila? na 1990, da aka cire yarinya daga makaranta aka aurar da ita ga dattijo mai hali, ba ta sa ƙauna ta narkar da shi ba. Ta sa yarinyar ta gudu ta nemi ilmi.

Saboda haka, 'yan'uwa, a ci gaba da karatu, amma a riƙa tambaya. Masu sha'awar rubutu a cikinmu kuma, in za su kafa labarin soyayya a Kano ko Katsina ko Damagaram ta da, kada su kwaso basaraken Ingila su naɗa masa rawani. Su ba mu mai tabo wanda za a so, su bar ƙofar a buɗe. Wadda ta zauna alhali tana da ikon tafiya, ita ce za a ce tana ƙauna. Wadda aka kulle kuwa, ko ta yi murmushi, Allah kaɗai ya san abin da ke ranta.

Allah ya sa mu dace, amin.