Warin Turke a Inda Ake Haifar Taurari

Dukanmu mun san warin nan mai hawa kai da ke tashi daga turken awaki da sassafe. Sunan iskar da ke kawo shi amoniya, da ita kuma ake yin takin zamani. To, wannan iska ce ta nuna wa masana abin da ido ya kāsa gani a sama.

In muka fita tsakar gida da dare a lokacin sanyi, za mu ga taurarin nan da ake kira kaza da 'ya'yanta. Can kusa da su akwai wani baƙin girgije na iska da ƙura, mai nisan da haske ke ci cikin shekara wajen 450. A cikin irin waɗannan gizagizai ake haifar taurari. Amma ƙura ta tare haske, madubin hangen nesa ba ya ganin cikinsu. Ta yaya za a san abin da ke ciki?

A shekarar 1968 Charles Townes da abokan aikinsa a Kalifoniya ta Amurka suka juya babban faifan rediyo wajen sama, suka kama muryar amoniya. Ƙwayar amoniya kamar laima take: naitirojin ɗaya a ƙoli, haidirojin uku a ƙasa. Takan kife ta sāke komawa, kamar laimar da iska ta juya, tana fid da sautin rediyo. Mu mun saba kama tasha a kan mita 25 ko 49. Ita tata tashar tana kan santimita ɗaya da 'yan kai. Ƙura ba ta tare wannan sauti.

Amfaninta biyu ne. Na fari, ba a jinta sosai sai inda iska ta cunkushe, watau daidai inda tauraro zai fito. A can sanyi yakan sa waɗansu iskoki su daskare a jikin ƙura, har da iskar gawayi mai kashe mutum a rufaffen ɗaki, amma amoniya takan daɗe ba ta yi shiru ba. Na biyu, tana da muryoyi dab da juna. In wurin ya ɗan yi ɗumi, ta biyun takan ƙara ƙarfi. Da an gwada ƙarfinsu sai a san zafin wurin.

A 1983 Myers da Benson suka auna irin waɗannan wurare da yawa, suka tarar sanyinsu ya kai wajen digiri 263 ƙasa da inda ruwa ke ƙanƙara. Sanyin nan ne ke sa iska ta lafa, nauyinta ya rinjaye ta, ta dunƙule har wuta ta kama a tsakiya. Ranarmu ma tauraruwa ce, haka ta faro.

Saboda haka in yaro ya tambaye mu inda taurari ke fitowa, kada mu kore shi. Mu fita da shi waje, mu nuna masa kaza da 'ya'yanta.